Wasiƙar Godiya ga Sashen Tallafa wa Masu Bincike na Laburaren Jami'armu

Zuwa ga shugabar sashe da ɗaukacin ma'aikata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Yabon gwani ya zama dole, shi ya sa na ga ya dace in yi muku wannan godiya a bainar jama'a, har abokan aikinmu masu jin Hausa, na nan Amurka da waɗanda muke haɗin gwiwa da su daga nesa, su san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Ina cikin masu bincike a tsangayar kiwon lafiya ta wannan jami'a, kuma kusan duk aikin da muke yi a ɗakin gwajinmu da tallafin NIH, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ake yin sa. Wanda ya karɓi wannan tallafi ya karɓi sharaɗinsa: duk maƙalar da ta fito daga binciken sai ta shiga rumbun PubMed Central, inda kowa zai karanta kyauta.

Sharaɗin ya daɗe. A 2005 roƙo ne kawai, wanda ya ga dama ya saka. A watan Afrilun 2008 ya zama wajibi, amma an bar wa mujallu damar riƙe maƙala har wata 12 kafin a buɗe ta. Tun daga 2013 kuma hukumar ke dakatar da kuɗin shekara mai zuwa idan aka tarar da maƙalar da ba ta cika ƙa'ida ba. Mun saba da wannan tsari, muna tafiya a kansa, sai ga takardar da Alondra Nelson ta sanya wa hannu daga ofishin kimiyya na fadar White House a watan Agustan 2022, wadda ta ce a soke jiran wata 12 ɗin. Da farko NIH ta sa 31 ga Disamban 2025 a matsayin ranar fara aiki da sabuwar ƙa'idar, daga baya ta dawo da ita 1 ga Yulin 2025. Wata shida cur aka zare mana. A nan ne na ga amfaninku ƙarara, don kafin ranar ta zo kun riga kun bi sashe-sashe kuna yi mana bayani, kuna amsa tambaya ɗaya sau tari ba tare da gajiya ba.

Babban abin da nake gode muku a kai shi ne maganar kuɗi. Da sabuwar ƙa'idar ta fito, da yawa cikinmu sun ɗauka cewa ba yadda za a yi a cika ta sai an biya mujalla kuɗin buɗe maƙala, wanda kan kai dubban daloli a kan maƙala guda. Ga ƙaramin ɗakin gwaji, wannan kuɗin sinadarai ne, ko wani ɓangare na albashin ɗalibi. Ku ne kuka zaunar da mu kuka bambance mana abu biyu. Akwai rubutun da mujalla ta amince da shi bayan masana sun tantance shi an yi gyara, akwai kuma wanda mawallafa suka tsara suka ƙawata da tambarinsu. Na farkon shi hukuma take nema, kuma saka shi ta NIHMS, manhajar hukumar ta shigar da rubutu cikin rumbun, kyauta ne. Amma ba ku tsaya a nan ba, kun gaya mana gaskiya cewa wasu mujallun ba za su yarda a buɗe rubutun ranar da suka buga shi ba sai an biya, don haka tun kafin a tura maƙala ake duba manufar mujalla, ba bayan an sa hannu a yarjejeniya ba. Yanzu a ɗakinmu babu mai tura aiki ko'ina sai ɗaya daga cikinku ta duba sharuɗɗan. Na ga ma'aikaciyarku tana bin yarjejeniyar mawallafa layi-layi, tana jan layi a ƙarƙashin sashen da ya ci karo da ƙa'idar tallafi, ta kuma rubuta mana kalmomin da za mu sanar da edita da su cewa aikin na NIH ne. Wannan aikin lauya ne, ta yi mana shi a matsayin ma'aikaciyar laburare.

Sai ƙananan abubuwan da kan tsayar da babban aiki. Lambar PMID, ta jerin maƙalu na PubMed, daban, lambar PMCID, ta rumbun PubMed Central, daban, kuma ta biyun ce shaidar cika ƙa'ida a rahoton shekara da ake miƙa wa NIH. Kun koya wa ɗalibanmu wannan tun ranar farko, haka ma yadda ake haɗa My Bibliography, shafin jerin maƙalun mai bincike, da eRA Commons, asusunsa na tallafin NIH, a riƙa duba alamar kowace maƙala, kore ce ko ja.

Akwai wata maƙalarmu da ta maƙale ana dab da miƙa rahoto. An saka ta a NIHMS, an yi amincewar farko, amma manhajar tana buƙatar amincewa ta biyu bayan an tsara rubutun yadda zai fito a rumbun. Saƙon neman wannan amincewa yana ta zuwa akwatin ɗalibin da ya kammala digirinsa ya koma wata jiha. Mu dai ja muke gani, ba mu san dalili ba. Ma'aikacinku ne ya bi sawu ya gano inda aka tsaya, ya nuna mana yadda ake neman a mayar da alhakin dubawar ga wani marubucin, ya kuma riƙa tuntuɓarmu har lambar ta fito. Da ba don haka ba, da kuɗin da ake biyan mutane da shi ya jinkirta.

Nakan ji wasu abokan aiki suna kiran wannan duka wahalar takardu. Ban yarda da su ba, kuma zama da ku ya ƙara min hujja. Harajin jama'a ne ya biya binciken. Ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibiti, uwar da aka gano wa ɗanta cutar da ba a cika gani ba, likitan da jami'arsa ba ta iya biyan kuɗin mujallu, duk suna da haƙƙin su karanta abin da muka gano tun yana sabo. Shekara guda a harkar magani ba ƙaramin lokaci ba ne. Ban taɓa jin kun yi mana maganar ƙa'idar nan a matsayin barazana ba, kullum mai karatu kuke ambata, kuma wannan ya sauya yadda ɗalibaina ke kallon aikin.

Ina da roƙo ɗaya ga hukumar jami'a. Ma'aikatan wannan sashe 'yan kaɗan ne, kuma ba na NIH kaɗai suke bi ba, har da rumbun NSF, hukumar tallafa wa binciken kimiyya ta Amurka, da na Ma'aikatar Makamashi, kowanne da tsarinsa. Tun da aka cire jiran wata 12 aiki ya ƙaru musu sosai. A ƙara musu hannu, a kuma sa horonsu cikin abin da ake koya wa kowane sabon ɗalibin digiri na uku.

Na gode ƙwarai, ni da duk mutanen ɗakin gwajinmu. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara muku lafiya da haƙuri.

Naku,
Wani mai bincike a tsangayar kiwon lafiya