Zuwa ga abokan cinikinmu: sabbin na'urorin awo sun iso, amma ku karanta wannan tukuna

Assalamu alaikum Alhazai da Hajiyoyi, masu sito a Dawanau, masu injin gyaran shinkafa, da injiniyoyinmu na kamfanonin Sharaɗa, Challawa da Bompai. Ya kasuwa, ya iyali? Allah ya ƙara buɗi.

Yawancinku da gyaran sikeli kuka san shagonmu, to yanzu harkar awo ta canza sosai, na'urorin da a da sai babban lab ko kamfanin waje ke iya mallaka yau sun dawo 'yan ƙanana, wasu a aljihu ma za ka sa su, kuma kuɗinsu ya sauko duk da halin da dala take ciki. Mun shigo da wasu daga ciki. Amma mun yanke shawarar daga yanzu ba za mu miƙa wa mutum na'ura a kwali ya tafi da ita haka nan ba, sai mun saita ta a gabansa mun nuna wa yaron da zai riƙa aiki da ita, kuma ga dalili.

Mu fara da na'urar auna danshin hatsi tunda ita aka fi tambaya. Mun san akwai dattawan da in sun ɗebi masara suka ciza sun san ta bushe ko ba ta bushe ba, kuma wallahi muna girmama wannan ilimin, sai dai haƙori ba ya bambance danshi kashi 14 da kashi 16, kuma a nan kuɗin yake. Ku yi lissafin da kanku. Buhu mai kilo 100 da ka saya da danshi kashi 18 cikin 100, in ya bushe ya dawo kashi 13 wanda shi ne daidai ajiyar masara, abin da zai rage maka kilo 94 ne da ɗan ɗoriya. Kusan kilo 6 ruwa ka saya da kuɗin masara. A tirela mai buhu 300 kuwa ya haura buhu 17, ba sata aka yi maka ba, iska ce kawai ta kwashe. Wannan ma in ka yi sa'a ke nan ta bushe lafiya, in ba ta bushe ba kuma hunhuna ce za ta kama ta a tsakiyar sito inda ido ba ya kaiwa.

Sabbin da muka kawo suna auna zafin hatsin su gyara lissafi da kansu, wanda tsofaffin ba sa yi, shi ya sa a da in ka gwada masarar da aka kwaso daga shanya da rana tsaka sai ta ba ka wata lamba, da yamma kuma ta ba ka wata. Kuma kowane hatsi da saitinsa a ciki, masara daban, shinkafa shanshera daban, waken suya daban, riɗi daban. Don Allah a kula da wannan, mun sha ganin an gwada riɗi da saitin masara a ce na'ura ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau. Shanshera kashi 14 ake so, irin su gyaɗa da riɗi masu mai kuma sai sun bushe fiye da haka nesa ba kusa ba, ƙasa da kashi 8.

Na biyu shi ne kayan gwajin gubar afulatoksin, kuma wannan shi ya fi damun mu gaskiya, don ya wuce maganar riba. Guba ce da hunhuna ke haifarwa a gyaɗa da masara, ba a ganinta, ba ta da wari, dafuwa ba ta kashe ta, kuma tana lalata hanta har ta kai ga ciwon daji. A ƙasar Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu saboda cin gurɓatacciyar masara. Turai kuwa ba sa karɓar gyaɗar ci in gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan, biliyan fa, ba miliyan ba. Kuma masu fitar da kaya ba su manta da 2015 ba lokacin da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari irin na fiya-fiya da aka samu a jiki, laifin wasu ya shafi kowa. A da sai ka tura samfur lab ka zauna jiran sakamako mota na tsaye, yanzu ɗan tsinke ne kamar na gwajin maleriya, a niƙa samfur a jiƙa da ruwan da ya zo da shi a tsoma, cikin 'yan mintuna layi ya fito, akwai kuma ƙaramar na'urar da ke karanta layin ta ba ka lamba. Amma fa a ji mu da kyau, gubar ba ta bazuwa daidai a cikin kaya, 'yan ƙwayoyi kaɗan a lungu guda sun isa su ɓata lodi gaba ɗaya, saboda haka wanda ya ɗebi tafi ɗaya daga bakin buhun farko ya gwada bai gwada komai ba. Sai an soki buhuna da yawa, sama da ƙasa da tsakiya, a haɗa a niƙa a gauraya sannan a ɗiba. Tsinken kuma yana da ranar ƙarewa kuma ba ya son zafi, kar a bar shi a gaban mota a watan Afrilu. Kuma ba ya maye gurbin takardar lab da mai saye a waje zai nema, amfaninsa ka san kayanka tun kafin ka biya kuɗin kwantena.

Ga masu injina, mun kawo kyamarar zafi wadda ake maƙalawa a wayar hannu, ka haska allon wuta ko injin yana cikin aiki sai ta nuna maka wayar da ta saki ko boris ɗin da ya fara ɗaukar zafi tun kafin kwayil ya ƙone. Ƙarfe mai sheƙi yana ruɗa ta, sai a manna baƙin tef a wurin a auna a kan tef ɗin. Akwai kuma sansa, wato 'yar na'ura mai maganaɗisu, da ake liƙawa a jikin inji tana jin girgiza tana turo saƙo waya, da wata mai auna yawan man dizal a tanki ba sai an tsoma sanda ba. Ta girgizar dai shawararmu mai ƙaramin injin niƙa ɗaya bai buƙace ta ba tukuna, ya sa kuɗin a giris mai kyau ya fi masa, ta masu layin inji ce da in abu ɗaya ya tsaya komai ya tsaya.

Sai maganar saiti, wadda ita ce asalin dalilin wasiƙar nan. Mutane suna ganin lamba a gilashi sai su yarda da ita ɗari bisa ɗari saboda wai dijital ce, alhali sikelin dijital ma yana kaucewa, kuma shi ba ya nuna alama. Ɗan ƙarfen da ke ƙarƙashinsa mai jin nauyi lanƙwasa yake yi kaɗan ƙwarai yadda ido ba ya gani, wannan lanƙwasar ita ake mayarwa lamba, to lodin da ya wuce ƙima, ko tsawa, ko walda a kan farantin ba a cire wayoyi ba, ko ruwan damina a akwatin haɗin waya, ko ɓera ya ci kebul, duk suna karkatar da shi. Ya karkata gefenka ka ci haƙƙin mutane ba ka sani ba, kuma kowa ya san gargaɗin Suratul Muɗaffifina kan tauye awo, ya karkata gefen can kuma kai ake cuta kullum. Duniya ma ba ta wasa da abin nan, tun 1889 wani ɗan curin ƙarfe da ke ajiye kusa da birnin Faris shi ne ma'aunin kilo na duniya, har sai 20 ga Mayun 2019 da aka koma lissafin kimiyya wanda ba ya canzawa. A nan gida hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki na da cibiyar awo ta ƙasa a Inugu, akwai kuma sashen awo da ma'auni na ma'aikatar kasuwanci ta tarayya masu duba sikelin ciniki. Duwatsun awon da muke saita muku sikeli da su su ma ana kai su gwaji, suna da takarda, duk wanda ya zo ya ce a nuna masa, haƙƙinsa ne, kuma ku tambayi kowane mai gyara haka ba mu kaɗai ba.

Don haka muna roƙon a kawo sikeli da na'urorin danshi a duba kafin kaka ta kama, ko da ba a wurinmu aka saya ba, don in sabon hatsi ya fara shigowa layi yake yi mana yawa. Masu babban sikelin da tirela ke hawa su yi mana magana da wuri mu sa rana mu zo da duwatsu. Wanda zai kawo na'urar danshi ya haɗo da mudu ɗaya na hatsin da ya fi aunawa a ɗaure a leda, ya kuma taho da yaron da ke riƙe ta a sito.

Mun gode ƙwarai da amanar da kuke ba mu, Allah ya ba da damina mai albarka.

Wassalam,
Daga mai shago da dukkan ma'aikata