Maganin Maleriya da Sankarar Hanta: A Faɗi Labarin Cikakke

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarku kan labarin da ke yawo cewa maganin zazzaɓin cizon sauro yana warkar da sankarar hanta. Gaskiya ne masana suna bincike a kan haka, amma yadda ake yaɗa labarin zai iya jawo asarar rai.

Maganin da aka fi bincika shi ne artesunate, wanda ake samu daga artemisinin, sinadarin da Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015. Idan ya haɗu da sinadarin ƙarfe, sai ya fashe ya saki guba mai lalata ƙwayar halitta. Haka yake kashe ƙwayar maleriya a cikin jini. Ƙwayoyin sankara kuwa suna tara sinadarin ƙarfe fiye da lafiyayyu, shi ya sa masana suka yi tunanin gwada shi. Shi kuma kulorokwin, wani maganin maleriya da ake gwadawa, hana ƙwayar sankara yake yi ta narkar da tarkacen cikinta ta ci, dabarar da take amfani da ita wajen jure magani.

Sai dai mafi yawan wannan sakamako a ɗakin gwaje-gwaje da jikin ɓeraye aka gan shi, sau da yawa tare da sorafenib, maganin sankarar hanta da aka amince da shi tun 2007. Jikin mutum daban ne. Artesunate ba ya daɗewa a jini, kafin awa guda ko kusa da haka rabinsa ya fita. Maganin maleriya na kwana 3 ne, sankara kuwa watanni take buƙata, kuma yawan shansa na iya rage fararen ƙwayoyin jini. Allurarsa na iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini bayan mako 1 zuwa 3. Kulorokwin idan ya yi yawa yana rikita bugun zuciya, idan aka daɗe a kansa yana taɓa ido. Mun ga waɗanda aka kwantar a Legas a 2020 saboda shansa barkatai lokacin korona. Amodiyakwin kuwa, wanda shi ma maganin maleriya ne, shi kansa yana iya illata hanta. Ga mutumin da cikinsa ya riga ya kumbura da ruwa, idonsa ya yi rawaya, hantarsa ba za ta iya tace wannan lodi ba.

Akwai kuma hasarar kowa da kowa: shan artesunate shi kaɗai yana koya wa ƙwayar maleriya jure shi, kuma an riga an ga alamun hakan a Ruwanda da Yuganda.

Ni dai ina goyon bayan a gwada artesunate a asibitocin koyarwa na ƙasar nan, bisa ƙa'ida, domin magani ne mai araha, mu kuma sankarar hanta tana cin matasanmu. Kafin nan, a faɗa wa masu karatu abin da aka tabbatar. Babban sanadin sankarar hanta a wajenmu shi ne ciwon hanta nau'in B, sai gubar fumfuna da ke kama gyaɗa da masarar da aka adana da danshi. A yi gwajin jini na ciwon hanta nau'in B. Wanda aka samu da cutar ya riƙa yin hoton hanta duk wata 6, ya tambayi likita ko yana buƙatar tenofovir, maganin ciwon hanta nau'in B. Jariri kuma a yi masa rigakafin wannan ciwo cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haife shi.

Nagode.
Wani mai harhaɗa magunguna, Zariya