Amsa ga Yayana: wai wannan ma kiɗa ne?

Assalamu alaikum Yaya,

Tambayar da ka yi min rannan a gaban mutane har yanzu tana raina. Ka ce ni da nake yawan zancen kiɗa in faɗa maka tsakani da Allah, wannan abin da yaran yanzu ke toshe kunne da shi, mutum na ta zuba magana a kan bugun kwamfuta, shi ma kiɗa ne ko hayaniya ce kawai, kuma in ba ya maka daɗi don me za a ce sai ka girmama shi. Tunda a fili ka tambaya, a fili zan amsa.

Eh Yaya, kiɗa ne. Kuma ba wai don in faranta wa yara rai na faɗa ba.

Ni a wajena duk sautin da mutum ya tsara da niyya don a saurara, ya ba shi bugu ko kari ko duka biyun, ya shiga gidan kiɗa, ko da ganga aka yi shi ko da tafi ko da na'ura. Kayan aikin ne ke canjawa. A 2008 an tono wata sarewa a kogon Hohle Fels a Jamus, da ƙashin fiffiken ungulu aka yi ta, huda biyar gare ta, shekarunta sun kai 35,000. Wanda ya zauna yana huda ƙashin nan a hankali yana busawa yana gyarawa har amon ya yi masa, da yaron da ya kwana gaban kwamfuta yana matsar da bugu ɗaya gaba kaɗan baya kaɗan har ya zauna daidai, wallahi abu ɗaya suke nema.

Abin da na fi so ka duba shi ne wannan kalmar ta "hayaniya" ba yau aka fara jifan kiɗa da ita ba. Ranar 29 ga Mayu 1913 a Paris aka fara nuna wani aikin kiɗa da rawa na Igor Stravinsky, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, 'yan kallo suka kaure da ihu da zage-zage saboda baƙon kiɗan da baƙuwar rawar, har masu rawar ba sa jin makaɗan sosai, yau kuma wannan aikin shi ake koyarwa a manyan makarantun kiɗa na duniya. Jaz ma haka aka yi masa a Amurka lokacin da ya fito, aka ce shirme ne mai lalata matasa. Shi wannan da ka ambata, wanda ake ce wa rap, yana da asali, a 1973 a unguwar Bronx ta New York wani matashi DJ Kool Herc ya riƙa haɗa faifai biyu iri ɗaya a kan na'urori biyu don ya tsawaita ɗan wurin nan da ganga ke zama ita kaɗai, mutane na rawa ana magana a kai, daga nan abin ya tashi. A 2018 mawaƙin rap Kendrick Lamar ya karɓi babbar kyautar Amurka ta Pulitzer a fannin kiɗa, karo na farko kenan da ta je hannun wanda ba mai kiɗan gargajiyar Turai ba ne ba kuma mai jaz ba. Ba ina cewa kyauta ce ke mai da abu kiɗa ba, a'a, ina nuna maka ne cewa masu kunne sun zauna sun saurara sun ga aiki a ciki.

Toh me ya sa kai ba ka jinsa? Saboda kunne ma raino ake masa kamar harshe. Fiyano ta raba tazarar da ke tsakanin amo da takwaransa na sama gida 12, amma masu kiɗan gamelan na tsibirin Java a Indonesiya gida 5 ko 7 suke rabawa, wanda ya tashi da fiyano in ya ji kayan kiɗansu na tagulla karon farko sai ya ɗauka ba a saita kayan ba, alhali a saite suke tsaf, ma'auninsu ne daban. A 2016 ma an buga wani bincike da aka yi da mutanen Tsimane na dajin Amazon a Boliviya, waɗanda ba su cika jin kiɗan Turai ba, aka sa musu haɗin amon da Turawa ke cewa mai daɗi da wanda suke cewa mai karo da juna, su kam ba su fifita wani a kan wani ba. Ka ga kenan da yawa daga abin da muke rantsuwa cewa shi ne daɗi, sabo ne.

Bari in faɗa maka abin da ya faru da ni. 'Yar wajenka ce ma, wata rana na same ta da iyafis a kunne tana ta gyaɗa kai, na ce ba ni ɗaya in ji. Da farko ban kama komai ba, gudu kawai nake ji. Sai na lura da yatsanta a kan gwiwa, ba ta bin babban bugun, wani ɗan siririn bugu take bi a ƙasa wanda ni ban ma san yana nan ba. Ta mayar da waƙar baya sau uku, tace Kawu ji nan, ji yadda mawaƙin ya riƙe numfashi ya jera gaɓoɓin nan ya sauke a kan bugu, kuma maganar mahaifiyarsa yake da ta rasu. Da na ɗago na ga idonta ya ciko. Har yau ban zama mai son rap ba Yaya, ba na kunna shi in ina ni kaɗai, amma tun ranar bakina bai ƙara iya cewa ba kiɗa ba ne.

Nan ne amsar rabin tambayarka na biyu take. Babu wanda ya ce dole ka so. "Ba na so" magana ce a kan kunnenka, haƙƙinka ne, ba mai ƙwace maka. Amma "wannan ba kiɗa ba ne" magana ce a kan mai sauraron, kana ce masa abin da ya sa shi hawaye ko ya raka shi daren da ya kasa barci ba komai ba ne, shi kuma bai san abin da yake ji ba. Wannan ɗin ne ke ciwo, shi ne kuma yake sa yaro ya rufe ƙofa ya daina nuna maka abin da ke ransa.

Kuma kar ka ɗauka ina cewa a yi shiru a kan komai. In waƙa tana zagin mata ko tana kiran a zubar da jini ka soke ta, ni ma zan taya ka, amma ka soki abin da ta faɗa, irin wannan ƙazantar ana samunta a tsohon kiɗa da sabo. In aiki ne na ganganci, an kwaso bugun wani an liƙa murya ba tunani, ka ce mummunan kiɗa ne, akwai shi birjik a kowane salo. Su ma yaran ina faɗa musu, wanda ya ƙure sifika tsakar dare ko a cikin motar haya ya tilasta wa kowa jin abin da yake so, shi ma bai girmama kunnen mutane ba. Kuma in sun ji naka na da suna dariya suna cewa na tsofaffi ne, laifinsu ɗaya da naka.

Ga roƙona. Ranar da na zo ka zaɓo waƙa ɗaya wadda ta fi taɓa ka a duniya, ita ma 'yar taka ta zaɓo tata, mu zauna mu uku. Kowacce a ji ta sau biyu har ƙarshe ba mai magana, sannan kowa ya nuna wa ɗayan daidai wurin da yake kama shi. Na riga na tambaye ta, tace ta yarda, har ta ce tana son sanin wacce za ka kawo.

Ƙaninka.