Rabin Shekara a Rumbun Bayanai: Matsalar Tana Kan Iyaka Ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da masu rubuta manhaja ke yi, ko a ƙara "rabin shekara" cikin ma'aunan kwanan wata na rumbun bayanai. A manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, umarnin date_trunc yana yanke kwana zuwa mako, wata, rubu'in shekara, shekara, har ƙarni, amma babu rabin shekara. Date_bin, umarnin kasa lokaci bisa tazarar da aka zaɓa, da ya zo a sigar 14 ma ba ya karɓar tazarar watanni. Masu neman ƙarin suna da hujja, tunda bankuna da kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Legas suna fitar da rahoton wata shida.

Ni dai ban ga ƙarin zai gyara abin da ke ɓata rahoto ba. Lissafin gano rabin da wata ya faɗa layi ɗaya ne: cire 1 daga lambar wata, raba da 6, zubar da ragowa, ƙara 1. A MySQL, wata manhajar rumbun, sai a yi da DIV, umarnin rabawa mai zubar da ragowa, domin alamar / tana barin ɗigo, Yuni ya fito 1.83 maimakon 1.

Inda ake zamewa shi ne iyaka. Wanda ya rubuta BETWEEN (wato tsakanin) 1 ga Janairu da 30 ga Yuni a kan gurbi mai ɗauke da sa'a ya zubar da kusan duk cinikin ranar 30, saboda rumbun ya tsaya ne a tsakar daren da ranar ta fara. Gyaran shi ne a ce ƙasa da 1 ga Yuli. Sai agogo: Najeriya tana gaban UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, da awa ɗaya, don haka kuɗin da ya shiga ƙarfe 12:30 na daren wayewar 1 ga Yuli a Kano, a rumbun da ke ajiya da UTC yana cikin Yuni ne.

Rabin ma ba daidai suke ba. Na farko kwana 181 ne, ko 182 a shekarar da Fabrairu ke da kwana 29, na biyu 184. Ƙara wata shida kan 31 ga Agusta 2025 ya kai 28 ga Fabrairu, a cire su kuma a sauka kan 28 ga Agusta.

Kuma rabin wace shekara? Kasafin gwamnatin Amurka yana farawa 1 ga Oktoba, na Indiya 1 ga Afrilu. Ma'aunin da aka ɗaure da Janairu ba zai yi musu aiki ba. Gara kowace ma'aikata ta gina teburin kalanda, kowace rana da layinta da lambar rabinta, duk rahotanni su riƙa ɗauka daga nan.

Naka,
Mai kula da rumbun bayanai, Kano