Wasiƙa Zuwa ga Edita: Ana Iya Ƙawata Ɗaki Ba Tare da Cin Bashi Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ake ɗauka ƙarami alhali ya hana iyaye da yawa barci, wato batun ƙawata ɗaki a wannan lokaci da kuɗi ya yi wuyar samu.

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, sannan darajar naira ta faɗi a watan Yunin 2023, farashin katako da fenti da yadi da soso ya yi tashin gwauron zabo, har a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a garuruwa da dama. Abin da bai sauko ba shi ne burinmu. Har yanzu ana auna darajar amarya da girman gadonta da yawan kujerunta, har yanzu 'yan ganin ɗaki suna shiga da ido suna fita da baki, kuma hotunan gidajen Dubai da Turkiyya da 'yan mata ke gani a Instagram da TikTok sun zama ma'aunin da ake ɗora wa uban da albashinsa bai kai shi ƙarshen wata. Ko auren gata da gwamnatin Kano ta yi wa ma'aurata 1,800 a watan Oktoban 2023, inda ta ɗauki nauyin gado da katifa da sauran tarkace, shaida ce cewa kayan ɗaki na cikin manyan abubuwan da ke tsayar da aure a ƙasar nan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani da idona a bikin 'yar ƙanwata. Mahaifinta tsohon ma'aikaci ne da ke jiran haƙƙinsa, kuma kuɗin da kafinta ya yanka mana na gado da durowa da kujeru ya ninka duk abin da dangi suka tara. An fara maganar sayar da gonar gado, sai mahaifiyarmu, Allah ya ƙara mata lafiya, ta ce a fito da tsohon gadonta na maɗaci da ya shekara da shekaru jingine a ɗakin ajiya. Da muka wanke shi muka ga katakon lafiyarsa ƙalau, ko gara ba ta taɓa shi ba. Yaran gida suka yi kwana biyu suna goge shi da samfefa har tsohon fentin ya fita, aka ƙara ɗaure ƙusoshinsa, aka shafa masa man da ke sa katako sheƙi sau biyu, ana barin shafin farko ya bushe sosai kafin a yi na biyu. Kujeru kuwa tsofaffi muka saya a hannun wata maƙwabciya da za ta tashi, muka kai wa mai gyara ya canza soson kawai, mu kuma muka sayo yadi mai kauri a Kantin Kwari muka ɗinka musu riguna a keken ɗinkin gida, irin waɗanda ake cirewa a wanke a mayar.

Bango shi ne inda aka fi samun riba, shi ne kuma inda aka fi yin kuskure. Fenti ba ya ɓoye aibin bango, sai ma ya ƙara fito da shi. Dole ne a kankare duk inda ya ɓare, a cike tsagewa da ramukan ƙusa, a share ƙura, sannan a tabbatar ya bushe. Mu kanmu mun yi gaggawa a bango ɗaya da danshi ke tasowa daga ƙasansa, muka shafe shi damina ba ta gama wucewa ba, kuma cikin wata biyu fentin ya kumbura ya zube, sai da muka sake aikin. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, kafin hazo ya yi ƙarfi ya riƙa manna ƙura a ɗanyen fenti. Fentin ruwa ya fi araha kuma ya wadatar a saman bango, amma daga ƙasa zuwa daidai ƙugu gara a sa fentin mai, domin nan ne hannun yara da bayan kujera ke gogawa, kuma ana iya share shi da jiƙaƙƙen tsumma. Launi mai haske, fari ko ruwan madara, yana sa ƙaramin ɗaki ya yi kamar ya ƙara faɗi, yana kuma baza hasken rana a cikinsa, abin da duk mai zama a unguwar da wuta ke yawan ɗaukewa ya san amfaninsa. A maimakon takardar bango mai tsada, wadda zafi ke ɗaye ta, mun zana dagi a jikin kwali muka yanke shi da reza, muka riƙa ɗora shi a bango muna dangwala shuɗin fenti da guntun soso, har ya zagaye ɗakin a layi ɗaya.

Ina so in ja hankalin masu karatu cewa wannan ba baƙon abu ba ne da muka aro daga wani wuri. Kakanninmu mata da kansu suke yi wa ɗaki daɓe, su taru gayya suna bugu suna waƙa, suna yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, har ƙasa ta yi ƙarfi ta yi duhu tana ɗaukar ido. Su ne suke shafe bango da farar ƙasa da jar ƙasa, su ne kuma suke jeren ƙore da tasoshi, daga baya kwanuka da samiru, kowace mace da tsarin da ake gane hannunta da shi. Magina kuma da yatsa da ɗanyen yaɓe suke fitar da zanen da har gobe baƙi ke zuwa kallo a Gidan Makama a Kano, da fadar Zazzau, da tsofaffin gidajen unguwar Birni a Damagaram. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a shekarun 1830, da ƙasa da azara aka tayar da shi, kuma masana gini na duniya suna rubutu a kansa. Idan mutanen da ba su da siminti ba su da fentin gwangwani sun iya wannan, ban ga dalilin da zai sa jikokinsu su ɗauka cewa kyau sai an shigo da shi a kwantena ba.

Kayan nan kuma suna nan ba su ɓata ba. A Kasuwar Kurmi ana samun faifai masu launi da ƙwarya mai zane da tabarmar kaba da tumtum na fata. Faifai biyar ko bakwai da aka kafe a bango, manya a tsakiya ƙanana a gefe, sun fi hoton roba da kowa ke da irinsa. Tumtum ana sayen fatarsa kawai a cusa tsofaffin tufafi. Labulenmu yadin rini ne na Ƙofar Mata, sai dai a tuna a ɗauraye shi har ya daina zuba kafin a rataya, kada ya ɓata sabon bango. Ƙyallayen da tela ke sharewa muka roƙa muka haɗa rigunan matasan kai, guntayen katako da ake sayarwa da araha a 'yan katako suka zama kanta ta ajiye littattafai da turare, bokitan fentin da muka gama da su kuma muka huda ƙasansu muka shuka na'ana'a da ɗoɗɗoya a bakin ƙofa.

Akwai inda ya kamata mutum ya san iyakarsa. Jan wayar lantarki da haɗa bututun gas da ɗora silin mai nauyi aikin masu sana'ar ne, kuma rowa a nan tana iya jawo gobara ko asarar rai. Wanda zai kankare tsohon fentin mai ya jiƙa wurin tukuna, ya rufe hancinsa, ya fitar da yara da mai juna biyu daga ɗakin, saboda wasu tsofaffin fentin suna ɗauke da dalma. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara, daga aikin zinare ya samo asali, amma ya isa ya nuna mana illar wannan guba ga ƙananan yara. Ɗan haya kuma ya nemi izinin mai gida kafin ya taɓa bango, ya fi ba da ƙarfi ga abin da zai iya ɗauka ya tafi da shi.

Na san wasu za su ce wannan magana za ta rage wa kafintoci da masu fenti ciniki. Ni ban ga haka ba, domin mai gyaran kujerun nan ya samu aikin da da ba zai samu ba, haka mai rini da mai saƙar faifai, kuma kuɗin ya tsaya a cikin gari. Wasu kuma tsoron bakin dangin ango ne ke hana su, kuma wannan tsoro gaskiya ne, na ga yadda ya sa ƙanwata kuka. A ranar jere an samu waɗanda suka tambayi inda muka sayi gadon, an kuma samu waɗanda suka taɓe baki, amma gonar tana nan, bana ma an noma ta, kuma babu mai bin uban amarya ko sisi.

Don haka, ya Edita, roƙona gare ka shi ne jaridar nan ta ware ɗan fili, ko da sau ɗaya a wata, inda za a riƙa koyar da irin waɗannan ayyuka dalla-dalla da hotuna, a kuma riƙa tattaunawa da tsofaffin magina da matan da suka san daɓe da haɗa makuba tun suna raye. Ina kuma kira ga makarantun Islamiyya na matan aure da cibiyoyin koyon sana'a su ƙara gyaran kujera da shafa fenti a kan ɗinki da saƙa da suke koyarwa, ƙungiyoyin unguwa kuma su sayi tsani da burushi da guduma da abin huda bango su riƙa ba da aro, kamar yadda ake ba da aron tukwane da kujerun biki. A unguwarmu mata shida mun riga mun fara adashin fenti, kowane wata muna taruwa mu gyara ɗakin mutum ɗaya, kuma a shirye muke mu karɓi wakilinku ya zo ya ga aikin da idonsa.

Wassalam.

Taku mai karatu a kullum,
Daga Gwammaja, Kano.