Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya sayar mana da kyamara mai shaƙar ƙura

Ranku ya daɗe, shugabannin kamfani,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai ɗaukar hoto ne a garin Tawa, kuma na rubuto ne a kan ƙaramar kyamararku ta aljihu mai zum sau 30, wato mai jawo hoton abin da ke nesa ya matso kusa, wadda na saya sabuwa fil a hannun wakilinku na Yamai, da rasit da takardar garanti. Na zaɓi in yi maganar a fili domin na yi ta a asirce da wakilin naku, amsar da na samu kuwa ita ce ƙura ba ta cikin garanti.

Ba zan ci amanar kayan ba. Kyamarar da za ta shige aljihun riga amma ta jawo maka fuskar mutum daga can ƙarshen fili, ba ƙaramar fasaha ba ce. Na'urar da kuka sa don rage rawar hannu ma tana aiki. Mu nan muna da dalilin son irin wannan: garinmu ne ya karɓi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, kuma duk wanda ya taɓa shiga filin kokowa ya san ba a barin mai hoto ya tsaya kusa da 'yan wasa. Daga nesa ake ɗauka. Don haka na saya.

Matsalar tana cikin ƙirar kanta. Duk lokacin da aka kunna kyamarar, bututun gilashin yakan fito gaba hawa-hawa, in an kashe ya koma ciki, haka ma duk sanda aka jawo hoto ko aka mayar. Fitar nan da shigar nan tamkar zugazugin maƙeri ne: iska ce ake zuƙa ana fesarwa, kuma babu wani abin toshiya a gaɓoɓin bututun. A ƙasar da kuka ƙera ta wataƙila iskar ba ta ɗauke da komai. Tamu iskar, tun daga watan Nuwamba har zuwa Maris, garin ƙasa ce mai laushi da hunturu ke kwasowa daga hamada. Ƙurar takan bi ta shige har ta zauna a kan ɗan farantin da ke karɓar haske. Daga nan sai ka ga baƙin tabo a wuri guda cikin kowane hoto, kuma ya fi fitowa idan an jawo zum ɗin sosai ko an ɗauki sararin sama ko farar riga. Ku dubi halin da nake ciki: hoton ango cikin farar shadda, ga tabo a kafaɗarsa. Babbar kyamara ana cire mata gilashi a hure ta a goge. Taku a rufe take ruf, sai an kwance ta gaba ɗaya, kuma in na bari mai gyaran waya ya taɓa ta, ku ne za ku ce garanti ya faɗi. Daga baya bututun ma ya fara ƙara, yana tsayawa a rabin hanya, allo ya rubuta a kashe a sake kunnawa.

To, wace irin ƙasa kuka zaci kuna kawo wa kaya? Littafin da ke cikin kwalin ya ce a yi amfani da ita tsakanin digiri 0 da 40. A Tawa cikin Afrilu da Mayu zafi yakan haura 40 tun kafin azahar. Ke nan da sanyi ƙura ta hana, da bazara zafi ya hana. Babu wanda ya faɗa mini haka lokacin da ake ƙirga kuɗina.

Akwai kuma abin da lambar nan ta 30 da kuka buga da manyan baƙaƙe ta ɓoye. Farantin hasken da ke ciki bai wuce milimita 6 a tsawo da 4 da rabi a faɗi ba, wato babbar kyamara mai faranti 36 da 24 ta ninka shi wajen sau 30 a girman fili, amma kun cusa masa ɗigon hoto kusan miliyan 20. Sannan in an jawo zum ɗin har ƙarshe, ƙofar haske takan tsuke, abin da ke shiga ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Da tsakar rana ba laifi. Amma manyan karawa da la'asar sakaliya ake yin su, kamun amarya kuma bayan magariba. A lokacin ne hoto ke fita dishi-dishi, ɗan kokowa ya ɗaga abokin karawarsa sama, kai kuma ka samu inuwa kawai. Allon baya kuwa ba ya ganuwa cikin rana, ga shi ba ku sa 'yar tagar da ake ɗora ido ba, sai dai mutum ya rufa da hula yana lalube. Batirin ma naku ne ku kaɗai, ba a samunsa a kasuwar Tawa, kuma a cikin kyamarar ake cajinsa, don haka in yana caji aiki ya tsaya.

Abin da nake nema bai da yawa. Ku karɓi kyamarar ku wanke ta ku gyara bututun a ƙarƙashin garanti, ko ku musanya mini da wata. Tsakanin Tawa da Yamai ya fi kilomita 500, saboda haka ku bari a aika ta ta motar haya a karɓa da rasit, kada a ce sai na zo da ƙafata. Ku horar da ko mutum guda a Yamai, ku ba shi kayan gyara, a daina cewa sai an tura waje. In kuma kun san ba za ku toshe gaɓoɓin nan ba, to ku rubuta a bayan kwali, da Faransanci da Hausa, cewa ba ta jure ƙura kuma garanti bai shafi ƙura ba, mai saye ya gani tun kafin ya biya.

Rasit da takardar garanti da hotunan da tabon ya ɓata duk suna hannuna, kuma wakilinku yana da lambata. Ina sauraron amsarku a rubuce.

Na gode,
Mai ɗaukar hoto,
Tawa, Jamhuriyar Nijar