Kafin ka aika a sayo maka laftop daga waje

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni fili in ja hankalin 'yan uwa masu ba da saƙon laftop duk sanda wani zai tafi Amurka ko Dubai wai can ta fi araha. Eh wani lokacin ta fi arahar, amma ana mantawa da kuɗin kwastan da na dako, sannan babbar matsalar ita ce waranti, wato alkawarin da kamfani ke yi na gyara na'urar kyauta in ta samu matsala. Kamfanoni da yawa warantinsu na shekara 1 a ƙasar da aka sayi kwamfutar yake aiki, ranar da sikirin ya yi layi-layi ko madabod, wato babban allon da ke haɗa kayan cikin kwamfutar, ta ƙone ka kai ofishinsu sai su duba lambar da ke ƙasan na'urar su ce ba tasu ba ce, ka mayar inda ka sayo, to wa zai biya kuɗin jirgi? Lenovo na da warantin ƙasa da ƙasa amma ba kowane samfuri ba, Dell kuma sai ka cike fom an sauya rajistar zuwa ƙasarka, ko an yarda ma in babu kayan gyaran samfurin a wurinsu sai ka yi ta jira.

Ga kuma matsalar kibod, misali ta Faransa jerin haruffanta daban ne, ana kiran shi AZERTY, harafin A na zaune a gurbin Q, bakin caja ma daban.

Ni dai shawarata a karɓi lambar siriyal, wato waccan lambar da ke ƙasan na'urar, a duba a shafin kamfanin tun kafin a biya, a tambaya ko warantin ya shafi ƙasarka, a kuma adana rasit. Na gode.